Abincin Baƙo da Lamirin Mai-bi

Mutumin Malikanci da ya yi sammako ya tafi kasuwar Ikara, ko ta Makarfi, ko ta Hunkuyi a ƙasar Kudan, ran da ta ke ci, ya kan ratsa ƙasashe da yawa kafin azahar, ko da shi ke ƙafarsa ba ta fita daga ƙasar Zazzau ba. Ga goro cikin huhu, an ɗauko shi daga ƙasar Yarabawa, wajen Shagamu. Kakanninmu kuwa har Gwanja su ke binsa da jakuna, tafiyar watanni. Ga dabino daga wajen Agadas, ga kanwa daga Barno, ga bandar kifi daga Baga a bakin tafkin Cadi. Man ja da garin kwaki daga kurmi su ke hawowa, doya daga Binuwai, citta daga Kaciya, dankalin turawa daga duwatsun Jos. In ka zarce zuwa layin masu-tireda, nan ne nisa ya ke ƙaruwa: kifin ƙanƙara wanda aka kama cikin tekun Turai, shinkafa 'yar Tailan da 'yar Indiya, fulawa wadda alkamarta ta ƙetaro teku cikin jirgin ruwa, da dunƙulen Maggi, wanda ya ke ɗauke da sunan wani mutumin Suwizalan, da taliyar Indomie wadda asalinta Indunusiya ne, ko da ya ke yanzu a ƙasan nan a ke yinta. Masu-sayarwa ma hakanan su ke, iri iri: Bafillatana da ƙwaryar nono, Buzu da butar shayinsa, Bayarabiya a bayan tiren kifi, Ibo a ƙofar shagonsa, kowa da harshensa, kowa kuma ya iya Hausar da za ta ishe shi ciniki.

Amma abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, yawancin abin da mu ke kira namu, har mu ke alfahari da shi, baƙo ne da ya daɗe har aka manta da ranar saukarsa. Masara, da rogo, da gyaɗa, da barkono, da tumatir, da dankali, da gwanda, dukansu daga Amurka su ke. Babu mahaluki a ƙasar baƙar fata da ya taɓa ɗanɗana su kafin 1492, shekarar da jiragen Kolumbus suka ƙetare teku. Bayan wannan ne fatake suka riƙa kawo su, waɗansu ta bakin gaɓa a hannun Turawan Fotugal, waɗansu ta hanyar hamada, suna bin hannu zuwa hannu har suka iso mu. Gyaɗar nan baƙuwa ita ce ta cika Kano da dala bayan da jirgin ƙasa ya kai can a 1911. Albasa da alkama, sunansu kansa ya tona asirinsu, gama daga Larabci aka aro shi. Mangwaro ɗan Indiya ne. Rake, wanda ya kai sunan Makarfi ko'ina, asalinsa tsibiran gabas ne, can bayan Indiya da nisa. Mazarƙwaila kuwa, wadda mu ke gani kamar da ita aka halicce mu, ba ta daɗe sosai ba, gama mutanen mishan na C.M.S. ne suka yaɗa injin matsar rake a ƙasan nan. Su ne kuma suka kafa ƙauyen masu-bi a Gimi a shekarun yaƙin duniya na fari, wanda ciwon barci ya watsa. Ƙauyen ya mutu, sana'ar ta rayu, yau Musulmi da Kirista suna ci daga cikinta babu mai-tambayar wa ya kawo ta. Ga shi kuma a zamaninmu inabi ya sami mazauni a ƙasar Kudan, nan da shekara hamsin jikokinmu za su rantse na gado ne.

Namu na ainihi su ne dawa, da gero, da wake, da kuɓewa, da kuka, da daddawar kalwa, da irinsu. Su ma ba su zauna gida ba: wake da kuɓewa sun bi jiragen bayi zuwa Amurka, jikokin bayin nan suna dafa su har wa yau.

Annabi Ezekiyel, cikin sura ta 27 ta littafinsa, ya zana kasuwar birnin Taya, ya lasafta al'umman da su ke kawo mata kaya ɗaya ɗaya, har da mutanen Yahuza da Isra'ila waɗanda su ke kai alkama da zuma da mai. Bai zargi birnin domin yawan baƙinsa ko yawan kayansa ba. Laifin Taya girmankai ne: ta ci daga hannun dukan duniya, ta ɗauka ita ce ta ƙoshe da kanta. Allah ya rarraba albarkarsa da gangan, ya ba wata ƙasa gishiri ya hana ta hatsi, ya ba wata kifi ya hana ta albasa, domin kada wata al'umma ta iya rufe ƙofa ta ce ba ta bukatar kowa. Tukunyar miya guda a gidan talaka a Malikanci, in za a bi sawun abin da ke cikinta, hannuwan al'ummai goma sun taɓa ta.

To, ga tambayar da wannan ɗan littafi ya ke so ya sa a gabanka, ya ɗan'uwa mai-karatu. Daga hannun wa ya halatta mai-bin Yesu ya ci? Ƙaƙa kuma zai ɗauki mai-hannun? Kada ka ce ƙaramar magana ce. A ƙasan nan zumunta da gaba duka a bakin akushi su ke bayyana. Mutum ya kan gafarta maka zagi, amma ya daɗe bai manta ka mayar masa da ƙwaryar abincinsa ba.

Tushen amsa yana cikin koyarwar Ubangiji kansa. A sura ta 7 ta bisharar Markus, sa'anda Farisawa suka ga laifin almajiransa a kan wankin hannu, ya nuna musu cewa abinci ciki ya ke shiga, ba ya kaiwa ga zuciya, ƙazanta kuwa daga zuciya ta ke tasowa: ƙeta, da haɗama, da algus, da hassada, da girmankai. Wannan magana ta yi wa almajiran nauyi ƙwarai, gama tun suna yara aka koya musu cewa akwai naman da ya ke raba su da sauran mutane. Bitrus kansa ya yi shekaru bai haɗiye ta ba, sai da Allah ya nuna masa wahayi a kan soro a Yafa, ya ga abu kamar babban mayafi yana saukowa cike da dabbobi iri iri, waɗanda bai taɓa sa wa baki ba, aka umurce shi ya yanka ya ci, har sau uku. Ka lura da abin da ya biyo baya, gama nan ne ma'anar ta ke. Bitrus bai sauko ya nufi mahauta ba. Ya sauko ya tarar da baƙi a ƙofa, manzannin Karniliyus, hafsan sojan Roma, ya shigo da su suka kwana, kashegari ya bi su zuwa Kaisariya, ya shiga gidan da Bayahude ba ya shiga. Da bakinsa ya fassara wahayin, ya ce a kan mutane aka yi masa shi. Wanda ya rena tuwo, mai-tuƙa tuwon ya rena, ko ya sani ko bai sani ba.

Domin wannan ba'ar da mu ke yi wa abincin waɗansu ba ta dace da mai-bi ba. Mu kan tsaya gaban tiren matar kudu mu toshe hanci, mu yi wa juna ƙifce a kan dodon koɗi da ogiri, mu ce wa mutanen wani yanki masu-cin kare, alhali muna tauna fara, muna gasa gafiya, daddawarmu kuwa in baƙo ya shaƙa ta sai ya ja da baya. Yohanna Mai-baftisma ma fara ya ke ci. Akwai kuma wata kalma da ta zama mana ruwan dare har ba mu jin ɗacinta, watau sunan nan da a ke kiran Ibo da shi, Inyamuri. Daga harshensu aka ɗauko shi, daga maganar da mutum ya ke yi sa'anda ya ke roƙon ruwan sha. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Baƙo ya iso da ƙishi, ya roƙi ruwa, aka mayar da roƙonsa sunan tsiya, aka gadar wa 'ya'ya. Ubangijinmu ya yi alkawarin lada a kan moɗar ruwan sanyi guda. Me zai ce da bakin da ya ke waƙar yabo ran Lahadi, ran kasuwa kuma yana kiran ɗan'uwansa cikin baftisma da wannan suna? Mu da aka daɗe ana ce wa iyayenmu arna, muka san zafin kalmar a jikinmu, mu ne ya kamata mu fara barin irin wannan.

Maganar mudu ba ta bukatar dogon bayani, kowa ya san gaskiyarta, sai dai aikatawa. Annabi Amos ya la'anci masu-ƙanƙanta mudu da masu-sayar da dusa a madadin alkama, littafin Firistoci kuma cikin sura guda, ta 19, ya haɗa umurnin ƙaunar baƙo da umurnin ma'auni na gaskiya, ɗaya na bin ɗaya, sai ka ce an san cewa baƙo ne a ke fara yi wa ƙwange. Tiya mai-buɗaɗɗen baki ta saye, da tiya mai-dukan gindi ta sayarwa. Manyan tumatir a bakin kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Ruwa cikin nono. Tsakuwa cikin wake. Zamani ya ƙara mana waɗansu da kakanninmu ba su sani ba, kamar zuba maganin ƙwari mai-dafi cikin buhun wake domin kada ya huje, da nunar da ayaba da mangwaro da kabaid. Mai-yin wannan ba ya ganin fuskar yaron da zai ci a Ikko ko a Anaca, shi ya sa hannunsa ba ya rawa. Game da kuɗi biyu, na ɗan gari da na baƙo, ciniki halal ne, tayi da albarka al'ada ce mai-kyau, babu wanda ya ce ka sayar da faɗuwa. Amma in ka ninka kuɗi domin ka ji Hausar mutum ba ta nuna ba, ka san kuma ba zai gane ba, ka ci jahilcinsa ne, sata ce ko da ya biya yana murmushi. Mai-saye ma yana da nasa: littafin Karin Magana ya san mutumin da ya ke kushe kaya a gaban mai-shi, ya juya baya yana fahariya da arahar da ya ci. Kai da ka ke matsa wa tsohuwa mai-kashin kuɓewa a kan naira hamsin, ka shiga shagon mai-kuɗi ka biya abin da aka rubuta ba musu, ka duba wa ka ke jin tsoro, wa kuma ka ke takawa.

Wani zai ce, Ai baƙon abinci ba alheri kaɗai ya ke kawowa ba. Gaskiya ne. Tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a ƙasan nan a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ɗauki abin a matsayin annoba, ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, inda tumatirin kansa ya fito. Shinkafar waje mai-araha ta sha karya manomin fadama, shi ya sa aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta na 2019 har Disamba na 2020. In mai-bi ya zaɓi ya sayi shinkafar maƙwabcinsa domin ya taimake shi, ya yi daidai. Shari'a a kan kaya aikin hukuma ne, ana iya gardama a kanta ba tare da zunubi ba. Ƙin mutum wani abu ne dabam, mun kuwa ga inda ya ke kaiwa. A watan Fabrairu na 2021 faɗa ya tashi a kasuwar Shasha a Ibadan tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. Ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da motocin kaya, ta hana su gangarawa kudu har farkon Maris. Kuɗin tumatir ya hau a Ikko, a nan arewa kuwa ya faɗi warwas, kwanduna suna ruɓewa a bakin titi babu mai-taya. Dukan wanda ya yi noman rani a shekaran nan ya san wanda ya biya kuɗin fushin.

Yanzu sai mu zo ga maganar nama, wadda ita ce ta fi damun masu-bi na ƙasarmu, ita ce kuma ta fi raba kawuna a cikin ekklesiya.

Manzo Bulus ya zauna a birnin Koranti shekara ɗaya da rabi, wajen shekara ta 51 bayan haihuwar Ubangiji. Birni ne mai-tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya tana duban gabas ɗaya yamma, kasuwarsa cike da baƙi da kayan baƙi. Naman da a ke sayarwa a can, da yawa daga cikinsa ragowar hadayun gidajen gumaka ne, firistoci su ke fitarwa ga mahauta. Masu-bi suka rabu biyu. Waɗansu suka ce gunki ba kome ba ne, mu ci. Waɗansu, waɗanda jiya jiya suka bar gumakan nan, in sun sa naman a baki sai zuciyarsu ta kāshe su. Suka rubuta wa Bulus, ya amsa musu cikin wasiƙarsa ta fari, sura ta 8 zuwa ta 10. Bai ba su doka guda mai-sauƙin haddacewa ba, ya bambanta wuri da wuri. Naman kasuwa, ya ce su saya su ci, kada su tsaya bincike, gama duniya da abin da ke cikinta na Allah ne. In wanda ba mai-bi ba ya gayyace su gidansa, su tafi in suna so, su ci abin da aka ajiye musu. Amma in wani a wurin ya ce musu wannan naman hadaya ne, su janye hannu, saboda lamirin mai-faɗin. Zama kuwa a teburin gidan gunki, cikin bikin gunkin, wannan ya hana shi sarai.

Mu ɗora wannan a kan kasuwarmu. Mahautan ƙasan nan Musulmi ne, daga Sarkin Pawa har yaransa, da sunan Allah su ke yanka. Akwai 'yan'uwa da wannan ya ke damunsu. Babu dalili. In Bulus ya yarda da naman da ya ratsa ta gidan gunki tun da ya iso kasuwa, balle naman da aka ambaci sunan Mahalicci a kansa, aka tsiyaye jininsa? Taron manzanni a Urushalima, wanda ke cikin sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, ya gargaɗi masu-bi na al'ummai su guji jini da abin da aka maƙure. A kan wannan mahaucin nan ya hutar da kai. Ka sayi tsirenka da kilishinka, ka yi godiya, ka ci.

Naman layya ya fi wannan wuya kaɗan, gama a nan ba saye ka yi ba, kawo maka aka yi, an kuma san na ibada ne. Masu-bi na kirki sun saɓa a kansa, ba kuwa za mu ɓoye ra'ayinmu ba: maƙwabcinka ba ga gunki ya yanka ba, tunawa da Ibrahim ya ke yi, ya kuma aiko ɗansa da ƙwarya domin ya lasafta ka cikin mutanensa. Karɓa da hannu biyu ya fi. Cin naman ba shaida ba ce cewa ka yarda da dukan koyarwarsa, shi ma ya san haka, kamar yadda ba ya zama Kirista domin ya ci shinkafarka ta Kirsimati. Amma in lamirinka ya ƙi, kada ka ci, gama abin da mutum ya ci yana shakka ya zama masa laifi, haka sura ta 14 ta wasiƙar Romawa ta koyar. Sai dai sharaɗi biyu: kada ka kunyata mai-aikowa, kada kuma ka tashi cikin majami'a ka ce mai-ci ya yi ridda. Shi mai-cin kuma kada ya riƙa yi maka dariya yana ce maka jariri cikin bangaskiya. Ekklesiyoyi sun tsage a kan abin da bai kai cinyar rago ba.

Na uku shi ne wanda ya shafi gidajenmu, mu da muka fito daga zuriyar Maguzawa. Har yanzu akwai tsofaffi cikin danginmu da su ke yanka wa iskoki baƙar akuya ko jan zakara a gindin tsamiya, ko domin kan gida, ko sa'anda ciwo ya ƙi jin magani. Ana gamawa a kira dangi a ci. Wannan shi ne teburin da Bulus ya hana, gama cin naman a wurin sashi ne na bautar, kowa a wurin kuma haka ya ɗauke shi. Ko da kai ka san iska ba ta da iko a kanka, ƙanenka da aka yi wa baftisma bara yana duban hannunka. In ya ga ka ci, ran da ɗansa ya kwanta ciwo zai koma gindin itacen nan da zakara a hammata. Kada ka ci. Amma akwai ƙi na ladabi, akwai na rashin kunya. Wanda ya yanka ɗin baffanka ne, shi ya goya ka. Ka durƙusa ka ce, Baba, ka gafarce ni, wannan kam ba ni iyawa, ka san hanyar da na bi. Ran gayyarsa kuwa ka riga kowa zuwa gona da garmarka, ran da ya rasa hatsi ka buɗe masa rumbu, domin ya gane abu guda ka ƙi, shi kansa ba ka ƙi shi ba. Mun ga samari da yawa da su ke tsammani zafin baki ga iyaye shi ne ƙarfin bangaskiya. Tsofaffin da aka yi wa haka ba safai su ke tako ƙofar majami'a ba.

Naman alade halal ne ga mai-bi, babu musu. Amma 'yanci ba tuta ba ne da za a riƙa kaɗawa a fuskar mutane. Wanda ya ke zaune katanga ɗaya da Musulmi ya san abin nan ƙyama ne gare su; ya tsare dabbarsa kada ta shiga gonarsu ko bakin rijiya, kada ya dafa cikin tukunyar aro, kada ya rataya naman inda mai-wucewa zai yi karo da shi. Wanda kuwa ya ba Musulmi naman nan a ɓoye, ko da wasa ne, domin ya yi dariya daga baya, ya ci amana, ya kuma ɓata sunan dukan masu-bi na garin, gama daga ran nan babu ƙwaryar Kirista da za a sāke amincewa da ita. Maganar burkutu dabam ce, ba mu sa ta cikin wannan awo ba. Abin da ya ke ɗauke hankalin mutum ya cinye rumbunsa kafin bazara yana bukatar nasa littafin.

Akwai al'ada a garuruwanmu da yawa: ran Kirsimati, ko ran biki, mai-bi ya kan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuya, domin in an dafa kowa ya iya ci. Waɗansu matasa sun tashi suna sūkar wannan, suna cewa, Ashe mun yarda ke nan hannunmu ƙazami ne? Don me kullum mu ne masu-sunkuyawa? Tambayar tana da nauyi, ba za mu kore ta da tsawa ba, gama akwai wuraren da ƙarfi ne ya ke sa a yi haka, ba ƙauna ba. Mu duba yadda Bulus ya yi da mutum biyu. Timoti ya yi masa kaciya da hannunsa saboda Yahudawan wurin, domin kada ƙofar wa'azi ta rufu. Titus kuwa, da aka nemi a tilasta masa, a mayar da abin sharaɗin ceto, Bulus ya ƙi ko na sa'a ɗaya. Aiki iri ɗaya ne, dalili ya bambanta. In wani ya ce maka yankanka mushe ne a gaban Allah, sai ka bi nasa kafin ka tsarkaka, kada ka yarda da wannan magana, ka yanka kazarka ka ci da iyalinka da zuciya sake. Amma in kai ne da kanka ka ga kana so Malam da iyalinsa su ci daga tukunyarka ran murnar haihuwar Mai-cetonka, ka miƙa masa wuƙa, babu abin da ka rasa. Akuyarka ce, kai ka zaɓa. Ubangijin da mu ke yi wa bikin ya bar abin da ya fi wuƙa.

Saura wanda duk da haka ba zai ci ba. Akwai su: ka kira mahauci, ka wanke tukunya, matarka ta tuƙa tun asuba, yarinya ta kai, a dawo da ƙwarya yadda aka kai ta, ko kuwa ku ji an juye wa kaji. Abin yana da ciwo, matan gida ne kuma su ke fin jinsa. Kada ka rama ran Salla, kada ka hana 'ya'yanka gaishe shi, kada kuma ka yi saurin cewa ƙiyayya ce. Wataƙila lamirinsa ne ya ɗaure shi, yadda na 'yan'uwan nan na Koranti ya ɗaure su, shi kansa yana jin kunyar abin. Baɗi kada ka aika da dafaffe. Ka aika masa da ɗanye, abin da babu wanda zai ce hannu ya ɓata shi: tiyar shinkafa, ko damin rake, ko curin mazarƙwaila domin yara, ko zakara da ransa, ƙafafu a ɗaure, shi ya yanka da kansa.